Kwalbar Man da Taubashiyata Ta Aika Turai

Ta riga ni. Ita da take rantsuwa kullum sai ta ci gumbar sadakata ta kuma kushe ta, ga shi ni ne zaune a ƙofar gidanta ina karɓar gaisuwa. Na Allah muke, gare Shi za a tattara mu, wanda ya yi gaba da wanda ke tafe yana jan ƙafa. Taubashiyata, ɗiyar kawuna, ta cika da hantsi, zaune a bakin ɗakinta, tana tsakiyar yi wa jikarta faɗa don ta bar akuya ta sa baki a ƙullu. Jikar ta ce da ta ji faɗan ya tsaya, ta ɗauka Kaka numfashi take ja ta ƙaro wani.

Kafin azahar ƙofar gida ta cika. Amalanken jakai daga Gangara, babura daga Gazawa, wasu ma tun daga Sae Sabuwa inda ɗiyarta ta biyu ke aure. Jikokin birni sun jeru jikin katanga, kowa da waya a kunne yana sanar da wanda bai taɓa ganinta ba. Wata tsohuwar maƙwabciyarta, wadda suka shekara da shekaru suna zagin juna ta kan darni, ta zauna a ƙasa tana cewa, "Yanzu wa zai ce mini ƙazama? Wa?" Ba wanda ya iya ba ta haƙuri.

Da aka dawo daga maƙabarta liman ya yi addu'a, ya ce marigayiya baiwar Allah ce mai sanyin hali, ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Tari ya sarƙe ni. Aka kawo mini ruwa, ana cewa tsoho ya ji mutuwar nan. Na ji ta, ba shakka. Amma limamin nan yaro ne, an haife shi bayan bakinta ya fara gajiya. Na dubi jama'a na ga duk sun gyaɗa kai, sai tsoro ya kama ni: nan da baɗi za su mai da ita wata tsohuwa mai casbi wadda ba ta taɓa yin komai ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Ban gama lakol ba, wato makarantar boko, malaminmu da muke ce wa mushe ya sallame ni tun da wuri ya ce kaina ya cika ba sauran wuri, saboda haka mai neman rubutu mai kwalliya ya nemi wani. Ni abin da na gani zan faɗa.

Ta girme ni nesa, amma ɗan mace da ɗiyar namiji ba ruwansu da shekaru. Tun ina yawo ba wando take kirana bawa, har na yi furfura ban sami ƴanci ba, ko da ƙasa ta samu. Ranar da aka koro ni daga lakol babana ya bi ni da igiyar jaki. Ita ta tura ni ƙarƙashin rumbu, ta tsaya a gaba ta ce masa ta ga na yi gabas. Da ya wuce ta miƙo mini ƙuli-ƙuli, ta ce, "Ci, jaki. Da ka yi karatu da wa zai riƙa ɗaukar mini kaya?" Haka alherinta yake, ba ya zuwa sai da zagi a bakinsa.

Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya ƙanana, sai ta dawo garinmu ta kafa ɗaki jikin gidan ƙanenta, wanda take ce wa Auta. Man gyaɗa ne ya rene su, gyaɗar da mutanen yamma wajen Cadakori ke ce wa gujiya don su nuna sun fi mu. Ta soya da yashi, ta murje, ta sheƙe, a daka, sannan ta zauna gaban turmi tana juyawa tana ɗiga ruwan zafi har mai ya taso ya kwanta a sama. In tana wannan aiki ba a yi mata magana. Ko maigari ne ya yi sallama sai ya jira. Ranar kasuwa kuwa ba ta tallar manta, mutane take kira da laifinsu: "Kai mai rowa, matarka ta rame, zo ka sayi mai!" Su zo suna dariya su saya.

Abin da zan ba da labari ya faru a shekarun farko na mulkin kai, lokacin da kumandan na Tasawa, mai mulkin yankinmu, ya zama baƙar fata ɗan ƙasa, muna ta leƙensa mu ga ko hular ce kawai aka sake. Ni a lokacin na yi aure, kuma da yake ni kaɗai ne a garin na san "wi" da "no" na Faransanci, ni ne tafintan maigari.

Farkon damina matar Auta ta haifi ɗa namiji. Aka yi suna, aka yi tuwo da waina da nama, man duka daga hannun yayar Auta, kyauta. Washegari gari ya kwanta. Zawo da amai, gida-gida. Manya suka sha wuya suka tashi. Ɗiyar Auta, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, wadda ke bin goggonta ko'ina tana riƙe da gefen zanenta, ita ba ta tashi ba.

Ba a gama zaman makoki ba magana ta fito. Wata ta ce ta ga ƴaƴan zurma a shanye a bayan ɗakin taubashiyata. Gaskiya ne kuwa, an gani. Takan matse man zurma kaɗan, a wani tsohon turmi daban, ta sayar wa makiyaya su shafa wa dabbobi a gyambo. Kowa ya san man zurma in ya shiga ciki wanke shi yake yi tas. Kowa kuma ya san gyaɗa ta yi wuya a damina. Sai aka haɗa wannan da wancan: ta ga gyaɗarta ba za ta kai ba, ta ƙara da zurma. Kafin kasuwa ta zagayo, daga Gangara har Agye, sunanta ya zama matar da ta kashe ɗiyar ƙanenta.

Kumandan ya zo da kansa, da gardawa biyu, ƴan sandan wancan zamani, da wani lokotoro, wato likita, daga Maraɗi, saurayi dogo ɗan bakin kogi wanda bai daɗe da dawowa daga karatu ba, Hausarsa duk a karkace. Tare da su akwai mai allurar Gazawa, mutum mai iyali, wanda muka sani. Aka taru ƙofar maigari. Lokotoro ya ce shi rijiya yake zargi, don ruwan sama ya kwaso ƙazantar gari ya zuba ciki. Wuri ya ɗauki guna-guni. Rijiyar da kakanninmu suka sha? Wani dattijo ya ce in ba za a kama mai laifi ba a faɗa musu, su san mulkin kan nan na wasa ne. Na ga gardi ɗaya ya fara kwance igiya daga ɗamararsa.

Taubashiyata tana durƙushe a tsakiya. Ban taɓa ganin bakinta a rufe ba sai ran nan.

Kumandan ya ce zamanin ɗaure mutum kan an ce ya wuce. Ya tambayi lokotoro ko akwai yadda za a gane. Lokotoro ya ce akwai, amma ba a ƙasar nan ba. Abokin karatunsa yana aiki a wani ɗakin bincike a Turai inda aka kawo sabon inji. Ya juya harshe zuwa Faransanci, aka ce in fassara, na gyara hula.

Ga abin da ya ce, gwargwadon abin da kaina ya ɗauka. Mai ba abu guda ba ne. Kowane mai tarin ƴan sarƙoƙi ne da ido ba ya gani, wasu dogaye, wasu gajeru, wasu a lanƙwashe. Man gyaɗa da irin nasa, man riɗi da irin nasa. Na zurma kuwa kusan dukansa wata sarƙa ce mai ƙugiya a gefe, wadda gyaɗa ba ta da ita sam. A can za a mai da man tururi, a kora shi cikin wani siririn bututu mai tsawo, gajerun su riga fita, dogayen su biyo baya. Duk wadda ta leƙo, inji na biyu ya farfasa ta, ya auna nauyin gutsattsarin, daga nan a san ko wace ce. Ni da na ga idanun mutane sun fara yawo sai na ce musu kamar tsagar fuska ce: Bagobiri ko ya shiga tsakiyar Katsinawa ya yi shiru, kumatunsa za su faɗi gidansu.

"Ko cokali guda ne?" in ji kumandan.

"Ko bai kai ba," in ji lokotoro.

Sai ga muryarta daga ƙasa, a dushe: "Bawa, tambaye shi. In sun hwasa man, wa zai kwashe?"

Ba wanda ya yi dariya sai ni, ni ma na haɗiye.

Kumandan ya yanke: a ɗebi sauran man suna a aika. Kafin amsa ta zo, ba ta matsa ba ta sayarwa, ba ta kuma barin gari. In an sami zurma, gidan kaso a Tasawa, daga nan sai abin da alƙali ya gani. In ba a samu ba, shi da bakinsa zai wanke ta a wannan wuri.

Muka tafi gidanta ni da mai allura. Tulun da aka yi suna da shi yana nan, ɗan abin da ya rage a gindi. Ya fito da wata ƴar kwalba mai duhu irin ta magani, ya tsiyaye man a ciki, ya toshe. Ya ce a sa masa garwashi ya narka jan kakin da zai liƙe bakin. Kafin wuta ta kama aka ce baƙo ya fito zaure ya sha fura, don ko gidan da ake zargi ba ya barin baƙo da ƙishi. Muka fita, kwalba tana kan tabarma. Da muka komo hadari ya haɗo, iska ta taso, ya ɗiga kaki a gurguje, ya danna hatimi, ya jefa a jaka ya hau keke.

Daga nan sai jira.

Ban san yadda zan kwatanta wannan damina ba. Mace mai ƴaƴa, an hana ta turminta. Ta shiga ƙwadago a gonakin mutanen da jiya take yi wa tsiya a kasuwa. In ta je rijiya mata su janye tulunansu. In ta miƙa wa yaro abu uwarsa ta doke hannunsa. Ɗanta babba ya dawo da baki a fashe, an ce masa ɗan mai zurma. Gardi kuma yakan biyo jefi-jefi a kan doki, ya leƙa ta kan darni ya ga tana nan, ya wuce ba sallama.

Auta ne ya fi ci mata rai. Mutum ne marar magana tun asali, sai ya zama kamar kututture. Ta aika da tuwo gidansa, aka dawo da shi ko malmala ba a taɓa ba. Rannan ta tare shi a hanyar gona, ina bayansu da hauyata.

"Auta, dube ni."

Ya dubi masara.

"Ni na goye ka. Ni na goye ta. Ka ce da bakinka ni na kashe ta, in ji."

"Ban ce ba."

"Ba ka ce ba, ba ka kuma ce a'a ba."

"Zurman da anka gani a bayan ɗakinki fa, Yaya?"

"Na shanun mutane ne, ka sani!"

"Abin da na sani," in ji shi, "ɗiyata tana ƙarƙashin ƙasa." Ya raɓa ta gefenta ya wuce. Ta tsaya nan, hannu a ƙugu kamar za ta yi masa irin zagin da ta saba, sai ta juya ta kama hanyar gida.

Da na ga kaka ta kusa amsa shiru, sai na same ta tana cirar gyaɗa a gonar wani, na durƙusa kamar ina taya ta. Na ce iyaka ba nisa, muna da dangi a ƙasar Katsina, in kai ta ita da yara kafin gardi ya sake biyowa. Na ce mata ni ban yarda da injin da ban gani ba. Wa ya san ko kwalbar tana gindin teku? Wa ya san ko wani zai yi kuskure a can ya rubuta zurma, shi ya tafi cin abincinsa, ita ta ruɓe a kaso?

Ta kaɗe ƙasa daga saiwar gyaɗa. "In na tahi, mi Auta zai ce?"

"Zai ce kin tsira."

"Zai ce na yi. Tashi ka ba ni wuri, kana taka mini kunya."

Ta ce kunyar gona take nufi, amma na tashi.

An gama ɗaurin gero aka aiko cewa kumandan na tafe da amsa. Ran nan ko kasuwar Gazawa ba ta tara mutane haka ba. Ta sa zanenta na salla. Ta kira ɗanta babba ta nuna masa inda tsabar dawa take da gidan da za su kwana in ba ta dawo ba. A ƙofar maigari ta durƙusa inda ta durƙusa da. Auta yana can ƙarshen taro, jikin bishiyar bedi, ya harɗe hannu.

Lokotoro ya warware wata doguwar takarda mai zane kamar tsaunuka a jere, wasu dogaye wasu ƙanana. Fuskarsa ba ta yi mini daɗi ba. Ya ɗora yatsa a wani fili inda layin ya kwanta, ya ce nan ne sarƙar zurma za ta tsaya da tana ciki. Babu ta. Ko alamarta babu.

Na faɗa da ƙarfi, har da ƙari. Mata suka fara guɗa daga baya. Na ga kafaɗunta sun sauka.

"Amma," in ji lokotoro. Wannan da Hausa ya faɗe ta, ba ta buƙaci tafinta ba.

Ya mai da yatsa farkon takardar, inda wasu ƴan tsaunuka suka cunkushe. Ya ce ga sarƙoƙin gyaɗa can, dogayen, daidai yadda ya kamata. Waɗannan gajerun kuwa ba na gyaɗa ba ne, ba na kowane tsiro ba ne. Kusan rabin abin da ke kwalbar daga jikin dabba ya fito.

Na so in tauna maganar kafin in fitar, amma kumandan yana kallona. Na faɗa.

Wuri ya yamutse. "Wace dabba?" "Kitsen mi ta ba mu?" Wani ya ce kare, wani ya ambaci abin da Musulmi ba ya ci, wata tsohuwa ta fara tofe-tofe tana neman tsari daga mayu. Masu guɗa suka ja da baya. Gardawa suka shiga tsakani da kulake. Sai da kumandan ya buga sanda a ƙasa lokotoro ya samu ya ƙarasa: irin waɗannan gajeru a nono kaɗai ake samunsu. Man shanu ne.

Ba wanda ya gane komai. Man shanu ya fi man gyaɗa daraja nesa. Wane mahaukaci ne zai yi algus da shi? Matan da suka yi girkin suna suka ce su ba su ji ƙamshin man shanu ba, kuma hancinsu lafiya lau. Lokotoro ya ce shi ma abin da ya hana shi barci ke nan: in ba a tulun yake ba, to bayan an zuba a kwalba wani ya taɓa ta.

Kumandan ya juya a hankali ya dubi mai allura.

"Kai ka zuba. Kai ka liƙe. Kai ka kai."

Mai allura ya miƙe. Ya rantse da abin da zai kashe shi bai buɗe ba. Kumandan ya ce to aljanu ne? Ya ce ma'aikacin da aka ba amanar shaida ya lalata ta, ko an saye shi ko ba a saye shi ba, kakinsa zai tuɓe yau, kuma shi zai hau bayan motar zuwa Tasawa. Gardi ya matsa kusa da shi. Na san matarsa, na san yaransa. Na kuma san in ya tafi, magana ta ƙare a kansa, ita ta koma gida ba wanda zai ce mata komai a gaban hukuma.

"Ranka ya daɗe."

Ba ta ɗaga kai ba.

"Ku ƙyale shi. Ni na ƙara."

Na ce a raina, wayyo, yi shiru mana, yau ɗaya.

"Kin ƙara me?" in ji kumandan.

"Man shanu. Sabo ne, wata Bafillata ta kawo mini shekaranjiyar ranar. Na narka na tace."

"Don me?"

Sai a nan ta ɗago, tana dubansa kamar shi ne bai da hankali. "Da sunka hita shan hura na ɗaga kwalbar na ga rabi. Rabi, ranka ya daɗe! An ce wani babban malami za a kai ma, a wata ƙasa, ya bar aikinshi ya duba lamarina, ni da bai sani ba. In aika mishi da rabin kwalba, ɗigon gindin tulu? Ya ce mutanen ƙasar nan haka suke? Kun hana ni matsa, ba ni da wani man gyaɗa. Na duba ɗakina, abin da ya fi kyau shi na sa."

Wanda bai san mu ba zai ce ƙarya ce ta shirya. Mu kuwa a wurinmu ba a aika wa babba da abu rabi, kwano ne ko ƙwarya. Ka cika, ko ka bari. Duk matan da ke wurin sun gane, na ga wasu sun sunkuyar da kai don su ma abin da za su yi ke nan.

Lokotoro ya zauna a kan turmin da ke kusa, ya riƙe kai da hannu biyu. Ya ce, a hankali, cikin karkatacciyar Hausarsa, "Inna, ba kyauta muka aika ba. Shaida ce." Ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa. Ya ce wa kumandan ƙari ba ya ɓoye zurma. Da tana cikin rabin farko da injin ya gan ta, ko an zuba mata man shanun duniya. Kumandan ya ce ya yarda, in rabin farkon shi ne na suna. Amma wadda ta buɗe kwalba ta ƙara, wa zai rantse ba ta zubar ta sake ba? Lokotoro ya naɗe takardarsa. Injinsa ya san mai, bai san hannun da ya zuba ba. Tulun kuwa an daɗe da wanke shi.

Hukuncin da aka yanke shi ne wannan: ba a sami zurma ba, saboda haka ba kaso, kuma ta koma sana'arta. Mai allura ya tsira da faɗa. Amma wankewar da kumandan ya yi alkawari, ya ce ba zai iya ba. "Gwamnati ba ta kama ki ba," in ji shi, "ba ta kuma wanke ki ba. Ke kika hana." Suka hau mota. Na waiga wajen bedi, Auta ba ya nan.

A hanyar gida na zage ta zagin da ban taɓa yi ba, ba na wasa ba. Na ce an haye teku an dawo da sunanta a wanke, ta sa hannu ta mai da shi cikin taɓo. Ba ta rama ba. Can ta ce, "To da sai a tahi da mai allura?" Na ce ba wannan nake nufi ba, ƙarin nake nufi. Ta ce, "Wannan kam na yi wauta." Daga bakinta ban sake jin wannan kalma ba har ta mutu.

Ran kasuwar Gangara ta matsa mai, ta ɗora mini tulu a ka har rumfarta. Ta zauna, ta jera ludayi da mazurari. Mutane na wucewa, su kalli tulun, su kalli gefe. Ba ta kira kowa da laifinsa ba. Rana ta take, inuwa ta koma ƙarƙashin ƙafa, ko mai tambaya babu. Waɗanda ke rumfunan kusa suna ciniki da murya ƙasa-ƙasa, ido na kanmu. Na ce mu tashi. Ta ce in tashi ni kaɗai.

Sai na ga mutane na darewa. Auta ne, tafe tsakiyar kasuwa da jaririn nan da aka yi wa suna a kafaɗa, ya fara zama, yana ta kama kunnen ubansa. Namiji da jariri a kasuwa, ba uwa a bayansa, ai dole a tsaya a kalla. Ya zo ya tsaya gabanta. Bai gaishe ta ba.

"Buɗe tulun."

Ta buɗe.

Ya durƙusa, ya sauko da yaron kan cinyarsa. Ya tsoma yatsa cikin man har gaɓa ta biyu, ya ɗago yana ɗiga, ya sa a bakin ɗansa. Wata mata ta yi salati. Yaron ya tsotsa, ya yamutsa fuska, ya kama yatsan da hannu biyu ya ci gaba. Auta ya sake tsomawa ya sake ba shi, a hankali, yadda na nesa ma zai gani.

"Auta," ta ce.

"Mai ɓoye laifi gyaɗa za ta zuba, ba wanda zai sani har abada," in ji shi, yana kallon yaron, ba ita ba. "Man shanu a kwalbar gwamnati, wannan sai ɗiyar babanmu." Ya share yatsa a rigarsa. "Auna ma gidana. An daɗe ana cin tuwo gaya."

Ta ɗauki ludayi, ta kasa. Ta ajiye, ta miƙa hannu biyu, ya ɗora mata yaron. Ta kifa fuska a wuyansa, kafaɗunta na motsi, kasuwa duka na tsaye. Ni na auna man, na zubar da rabi a ƙasa, ba wanda ya zage ni.

Ba kowa ya dawo rumfarta ba. Akwai gidajen da har tsofaffinsu suka ƙare ba su sake cin manta ba, ta san su, takan gaishe su. Amma daga ran nan tuwonta in ya shiga gidan Auta kwano ne ke dawowa.

Ya Allah, ga ta nan ta zo Maka. Ka san abin da ke cikin tulun, Ka san hannun da ya zuba. Ka yafe mata bakinta, Ka sanyaya makwancinta, Ka haɗa ta da ƴar yarinyar nan inda ba mai raba su. Mu da muka rage Ka ba mu kyakkyawan ƙarshe. Amin.